Ɗaki tara, silin ɗaya: yadda aka yi da ɓera a wani gidan haya a Jos

Gidan yana Jos ta Arewa, a ɗaya daga cikin layukan da ke gangarawa rafin Dilimi. Ginin da ne: zaure a gaba, shago manne da zauren yana kallon titi, sai tsakar gida mai siminti da ɗakuna tara suka kewaye. Iyali shida ke ciki. Mai gidan dattijo ne da ya ajiye harkar sufuri, yana zaune a Rikkos, sai ƙarshen wata yake leƙowa. Yayarsa, tsohuwar da kowa ke kira Inna, ita ce a ɗakin ƙurya, ita ce kuma idonsa a gidan. Sauran su ne mai shagon, wanda ke sayar da masara da gero da wake da garin kwaki yana kwana a ɗakin da ke jikin shagon, sai tela, sai malamin firamare da matarsa da 'ya'yansu huɗu, sai wani direban Keke da iyalinsa, sai ango da amarya da ba su cika shekara da tarewa ba.

Abu biyu game da ginin ya kamata a riƙe tun yanzu, domin duk abin da ya biyo baya a kansu ya rataya. Na farko, bangayen da suka raba ɗakunan sun tsaya ne daidai silin, ba su kai kwano ba. Wanda ya ɗaga katakon silin ɗaya ya leƙa da tocila zai ga fili ɗaya tun daga saman shago har saman gadon Inna. Na biyu, Inna tana kiwo: tumaki biyu da kaji a rumfar bayan ɗakinta, buhun dusa a jingine baki buɗe, kaskon ruwa a gefe dare da rana. Bayan katangar rumfar kuma kango ne da maƙwabta suka mayar bola.

Ɓera ba baƙo ba ne a gidan, amma a hunturun da ake magana abin ya wuce misali. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da kaka mai shago ya sari masara da yawa daga Kasuwar 'Yan Kwalli da niyyar ajiyewa har ta yi tsada, ya jibge buhunan a ƙasa har suna taɓa bango. Lokacin ne kuma ciyawa ke bushewa, ana ƙona ta, abinci ya ƙare a waje, sanyin Jos na Disamba ya sauko. Duk ɓeran da ke kangon nan ya samu wuri mai ɗumi da hatsi da ruwa a taku kaɗan. Tela ya wayi gari an cinye gefen shaddar mutane. Wayar wutar ɗakin direba ta fara tartsatsi, da aka buɗe aka ga an gwaguye robarta, domin haƙoran gaban ɓera ba sa daina tsiro, dole ya yi ta gwaguya ko da abin ba na ci ba ne. Ƙaramar 'yar malam ta tashi da ciwo a yatsan ƙafa, an ɗan ɓantare fatar tana barci.

Kowa da nasa magani

Watanni biyun farko kowane ɗaki ya yi yaƙinsa shi kaɗai. Tela ya sayi gam ɗin kama ɓera. Amarya ta toshe ƙasan ƙofarta da tsumma, aka janye tsumman aka yi sheƙa da shi. Direba ya tsaya wajen masu tallar nan da lasifika a Terminus ya sayo shinkafar ɓera da wani baƙin gari a ƙullin leda, babu suna babu lambar NAFDAC, mai tallar ya rantse masa cewa ɓeran da ya ci zai mutu ya bushe ba wari. Ya kwaɓa da kan busasshen kifi ya ajiye a murafen gwangwani a kusurwoyin tsakar gida.

Washegari aka tsinci ɓeraye matattu, aka yi murna. Kwana biyu bayan haka kajin Inna uku suka mutu, sannan kyanwar maƙwabta. Sai wari ya taso daga silin ɗin amarya, ƙudaje suka cika taga, tsutsa ta fara faɗowa ta tsagar katako a kan shimfiɗarta. Ta kwashe kayanta ta tafi gidansu a Anguwar Rogo ta ce ba ta dawowa sai an san abin yi. Inna ta daina amsa gaisuwar direba. Ɓera kuwa, bayan ɗan shiru na mako guda, ya dawo kamar ba a taɓa shi ba, kuma ya daina kusantar kifin.

Babu abin mamaki a nan ga wanda ya san yadda gubar take aiki. Baƙin garin nan mai warin tafarnuwa galibi sinadarin zinc phosphide ne. Idan ya haɗu da ruwan ciki sai ya saki iskar gas mai kisa, cikin sa'o'i. Ɓera ba ya iya amai, shi ya sa Allah ya yi shi da taka-tsantsan: sabon abinci sai ya ɗan ɗanɗana ya jira. Wanda ya ci kaɗan ya ji ciwo bai mutu ba, ya gama da wannan abincin ke nan. Ana kashe masu gaggawa, a bar masu wayo, su kuma su hayayyafa. Cikin ɓera mako uku ne kacal, 'ya'yan kuma cikin wata biyu zuwa uku sun isa haihuwa. Muddin masarar tana nan, gurbin waɗanda suka mutu ba ya daɗewa a buɗe. Batun bushewa ba wari kuwa zancen talla ne kawai. Gawa gawa ce, a silin ta mutu a silin za ta ruɓe.

Zazzaɓin da ya tara mutane

Abin da ya sa aka zauna ba shadda ba ce, ba kaji ba ne. Ɗan malam na biyu ne ya kwanta da zazzaɓi a watan Janairu. Aka ba shi maganin cizon sauro har ya ƙare, jiki bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro ga kasala. Da aka kai shi asibiti likita ta tambayi uwar ko akwai ɓera a gidan, tana jin amsar ta sa aka keɓe yaron aka ɗebi jininsa don gwajin Lassa.

Kalmar nan tana da nauyi a Jos fiye da garuruwa da yawa. A farkon 1969 ne aka kawo wata nas ta mishan, Laura Wine, daga garin Lassa na jihar Borno ta yau zuwa Jos da wani zazzaɓi da ba a san shi ba, ta rasu a nan. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta. Ta uku, Lily Pinneo, aka ɗauke ta zuwa Amurka ta rayu, kuma a jami'ar Yale aka ware ƙwayar cutar aka sa mata sunan garin. A 1970 cutar ta sake ɓulla a Jos, har ta ɗauki ran likita Jeanette Troup ta asibitin Jankwano, wadda ta yanke a hannu tana binciken gawa. Sai a 1972, a Saliyo, aka gano inda ƙwayar take ɓuya: jikin wani ɓera mai nonuwa da yawa da masana ke kira Mastomys. Shi ba ya ciwo, amma yana zubar da ita a fitsari da kashi, a kan hatsi, a kan kwano, a cikin ƙurar da ake sharewa. Alamun kan bayyana tsakanin kwana 6 zuwa 21. Kusan mutum takwas cikin goma da suka kamu ba sa jin jiki sosai, wasu ma ba sa sani, amma sauran tana iya kai su kabari, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai masu rasa ji. Lokacinta rani ne, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, daidai lokacin da ɓera ke shigowa gida.

Sakamakon yaron ya fito babu Lassa, aka yi masa maganin abin da aka samu ya warke. Amma kwanakin jiran sun yi aikin da faɗa bai yi ba. Malam ya kira mai gidan a waya, mai gidan ya neme ni saboda aikina na duba-gari.

Abin da toka ta nuna

Ban zo da magani ba, kuma na ga fuskokin sun canza da suka ga hannuna tocila ce kawai da sanda. Da magariba na roƙi Inna tokar murhu, muka tankaɗe ta da rariya, muka barbaɗa siriri a gindin bangaye, bakin ƙofofi, bakin kwata, kan katangar rumfa da saman buhunan shago. Na ce kada a yi shara sai na zo da safe.

Da gari ya waye sawun ya nuna komai. Daga bakin kwatar da ke fita ƙarƙashin katanga, manyan sawu da jan wutsiya sun miƙe kai tsaye zuwa buhun dusa, sun koma. Wannan gafiya ce. A shago, ƙananan sawu birjik a bayan buhuna, da kashi kamar baƙar shinkafa, sabo yana sheƙi, tsoho ya yi fari yana marmashewa. A kusurwar shagon kuma, inda bututun wayar mita ya huda silin, bangon ya yi baƙin maiƙo tsawon kamu biyu, shafar jikin ɓera mai hawa da sauka a hanya ɗaya kullum. Na tura yatsa uku a ramin suka shige. Ta nan ɓeran silin, mai wutsiyar da ta fi jikinsa tsawo, yake saukowa ya ci ya koma, daga can kuma ya zaɓi ɗakin da ya ga dama. A ɗakin malam muka samu jaɓa a bayan randa. Na ce a ƙyale ta a lissafin nan: ba hatsi take ci ba, kyankyasai da ƙwari take bi, in an toshe ƙofa za ta daina shigowa.

Wani abu da na gani a shagon ya fi ɓeran tayar mini da hankali. Mai shago ya cusa ƙwayoyin Phostoxin a cikin buhunan wakensa saboda ƙwari, a ɗakin da iskarsa ke ratsawa ta silin zuwa inda yara ke kwana. Iskar da ƙwayar ke saki ita ce dai wadda baƙin garin nan ke saki a cikin ɓera, kuma ta sha kashe mutane cikin barci. A ranar aka fitar da buhunan.

Zaman zaure

Bayan la'asar ta Asabar aka shimfiɗa tabarmi. Kowa ya zo da wanda zai ɗora wa laifi. Tela ya ce masarar mai shago ce. Mai shago ya ce shi da kuɗinsa yake haya, kuma kafin ya zo gidan akwai ɓera. Direba ya ce a bar shi ya ƙaro magani, wannan karon mai ƙarfi. Mai gidan ya juya wajen yayarsa a hankali.

"Yaya, batun dusar nan fa."

"Dusata ce ta ci shaddar mutane? Shekara nawa ina kiwo a gidan nan, Alhaji?"

Matar malam ce ta raba gardamar, daga bakin ƙofar zaure inda mata suka tsaya. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ni ma kwanukan tuwon dare a tsakar gida nake barinsu sai da safe. Kowa a nan yana ciyar da su." Da ta fara da kanta, sai sauran suka sassauto. Malam ya ƙara da cewa umarnin rufe kwanuka da ɗaure bakin salka da kashe fitila kafin barci yana cikin hadisi, kuma an ambaci ɓera a ciki da sunansa, mai jan lagwani ya ƙona gida. Inna ta ce wannan kam ta sani tun tana yarinya.

Abin da na nema a wurinsu tsari ne, kuma jerin yana da muhimmanci: a fara ɗauke abinci, sannan a toshe hanya, sannan a kafa tarko, duk ɗakuna a mako ɗaya. Guba a ajiye ta gefe. Direba bai ji daɗi ba, ya ce wannan aikin wata guda ne alhali magani kwana ɗaya ne. Na tambaye shi wata nawa ke nan da kwana ɗayan nasa.

Kuɗi aka raba uku: siminti da raga da ladan birkila na mai gida, tunda gininsa ne, ganguna da katakon ɗora buhu na mai shago, tarkuna da bokitai kowa ya sayi nasa.

Aikin kansa

Ɗauke abinci shi ya fi wuya, don ba a gama shi rana ɗaya, hali ne ake canzawa. Mai shago ya sayar da rabin masarar, ba da son ransa ba, ya zuba sauran a gangunan ƙarfe masu murfi. Buhunan da suka rage aka ɗora su a kan katako, aka janye su daga bango yadda mutum zai iya zagayawa da tsintsiya. Ya so ya dogara da buhun PICS mai leda biyu a ciki. Buhun yana da kyau ƙwarai a kan ƙwari don yana hana su iska, amma leda ba ta gagari haƙorin ɓera ba, sai an ɗaga shi daga ƙasa an kuma tsare ɗakin. Duk buhun da aka ga kashi ko fitsari a cikinsa na ce ba na sayarwa ba ne, musamman garin kwaki da ake jiƙawa a sha ba tare da ya ga wuta ba. A nan muka fi daɗewa muna ja-in-ja. A ɗakuna, shinkafa da gari da ƙuli-ƙuli suka koma bokitan fenti masu murfi. Wanke-wanken dare ya zama doka. Dusar Inna ta shiga ganga, kuma jikanta ya ɗauki aikin kwashe ragowar abincin tumaki da kifar da kaskon ruwa bayan isha'i.

Shara ma sai da aka sake koyonta. Busasshen kashin ɓera ba a share shi da tsintsiya a tayar da ƙura. Ana buɗe taga, a sa leda ko safar roba a hannu, a ɗaure hanci, a jiƙa wurin da ruwan Hypo ko Jik, awo ɗaya cikin awo tara na ruwa, a bar shi minti biyar, sannan a kwashe da tsumma ko takarda a ƙulle a leda. Haka aka yi wa silin ɗin amarya bayan kafinta ya ciro gawarwakin.

Toshewa ta ɗauki birkila da kafinta kwana biyu. Ma'aunin da na ba su mai sauƙi ne: duk ramin da biro zai shiga, kusan milimita 6, ƙaramin ɓera zai iya bi, wanda babban yatsa zai shiga kuwa babba ma zai wuce. Ramukan gindin bango aka cika su da siminti haɗe da fasasshiyar kwalba. Bakin kwata aka sa masa ragar ƙarfe mai ƙananan ido a cikin firam da za a iya ɗagawa a wanke, don ragar da ba a ɗagawa toshewa take yi, ranar da ruwa ya taru kuma wani zai fincike ta. Ƙasan kowace ƙofar katako aka buga mata langa-langa. Ramin wayar mita aka cusa masa raga aka shafe. Babban aikin shi ne ɗaga bangon da ke tsakanin shago da sauran gida har ya taɓa kwano, bulo layi uku. Mai gidan ya so a bar wannan sai bayan salla. Na ce in ɗaya za a yi a cikin duka, to shi ne. Aka kuma sare reshen gwaibar da ke kwance a kan rufi.

Sai tarko. An sayi na ƙarfe mai maratayi, manya da ƙanana, da yawa a lokaci ɗaya, domin tarko biyu a gida irin wannan wasa ne. Dare uku na farko an sa musu ƙuli-ƙuli da ɗan kifi amma ba a ɗana ba, saboda babban ɓera yana tsoron sabon abu a hanyarsa, sai ya saba ya ci ya ga lafiya. A dare na huɗu aka ɗana duka. Ana ajiye tarko ne a gicciye, bakinsa na abinci yana taɓa bango, a inda toka ta nuna sawu, ba a tsakiyar ɗaki ba, kuma a bayan kaya inda hannun yaro da bakin kaza ba sa kaiwa. Na silin aka ɗaure su da waya a jikin katako don kada wanda aka kama ya ja tarkon ya mutu a inda ba a gani. Daren farko da na biyu aka yi babban kamu, tunda yunwa ta riga ta kama su, daga nan abin ya yi ta raguwa har aka shiga mako na uku tarkuna suna kwana a ɗane. Gafiyar ba ta sake shigowa ba tun ranar da aka sa raga.

Gawar ba a taɓa ta da hannu: leda biyu, a yayyafa ruwan bilic, a binne da zurfi. Na hana yaran layin abin da suka saba, wato zuba wa ɓera kananzir da rai a cinna masa wuta. Ban da haramcin azabtarwa da wuta, ɓera mai ci da wuta ramin da ya sani yake nufa, ramin kuwa yana cikin gida. Gam ɗin tela ma na so a bar shi. Yana kama ƙanana, amma dabbar takan kwana tana kuka tana fitsari a kai, wanda zai ɗauka da safe kuma shi ke shafar fitsarin.

Ba na cewa guba ba ta da wuri ko kaɗan. Akwai mai tsinka jini, irin su brodifacoum da bromadiolone, wadda ke ɗaukar kwana uku zuwa bakwai kafin ta kashe, shi ya sa ɓera ba ya gane abin da ya cuce shi. A sito ko kango, cikin akwati mai kulle, a hannun wanda ya san aikin, tana da amfani. A tsakar gidan da yara ke rarrafe ba ta da shi. Na bar musu magana ɗaya ko da wani ya saɓa: in yaro ya ci, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara ko sa shi amai, a ɗauke shi da ledar maganin a tafi asibiti, domin mai tsinka jini tana da makari, bitamin K1, kuma likita na buƙatar sanin wacce aka ci. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro kuma a faɗa wa likita batun ɓera tun kafin ya tambaya. Malam ya rubuta lambar kiran kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, 6232, da alli a bangon zaure.

Inda aka tsaya

Amarya ta dawo kafin azumi. Da na koma farkon damina na sake barbaɗa toka, ɗakuna da silin babu sawu. Shago ne aka samu ƙananan sawu a bayan ƙofa, inda langa-langar ta ɓalle mai shago bai gyara ba, kuma buhu biyu sun koma ƙasa. Ya ce kasuwa ce ta yi yawa. Mai gidan ya sa sharaɗin ganga da katako a takardar hayar shagon ta bana, ya kuma ce kuɗin gyaran ƙofar daga aljihun mai shago.

Kangon baya yana nan yadda yake. Na magada ne da ba su raba gado ba, babu wanda zai ce a share ko a kewaye, bola kuma ƙaruwa take yi. Mazauna gidan sun kai maganar wurin mai unguwa, sun kuma karɓi aikin sare ciyawar da ke jikin katangarsu duk Asabar ɗin tsaftar ƙarshen wata. Tarkuna huɗu na nan a ɗane a rumfar Inna da bakin kwata, jikanta ke duba su kafin ya tafi makaranta. Mai shago ya riga ya fara maganar sarin masara idan kaka ta zo, Inna kuma ta ce a gaya masa ya fara sayen ganga tukuna.